Rasuwar 'Yar Amana, Kyamarar Kawu Tsaya-Haka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yau bai gama sauka ba, telan nan na bakin titi wanda yaran gida ke kira Kawu Tsaya-Haka yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamararsa, wadda ya raɗa wa suna 'Yar Amana. Marigayiyar ta yi shekara talatin da wani abu tana rataye a wuyansa. Babu wanda ya san ranar da ta cika, shi kansa bai sani ba, domin ta daɗe da mutuwa tana ci gaba da amsa masa kamar mai rai. Wannan ne abin da ya fi ci masa rai.

Marigayiyar baƙa ce, mai nauyi, irin ta da mai cin fim. Ba ruwanta da caji, ba ruwanta da ɗauke wuta. Yana saurayi ya same ta a hannun wani tsoho mai gyaran rediyo, gefenta duk ya goge saboda riƙo. Da hannunsa ya ɗinka mata riga da ragowar karammiski, ya sa mata zif, ya yi mata ɗan aljihu na ajiye marfin idonta na gilashi. Matarsa ta sha faɗa a gaban baƙi cewa atamfar da ta ba shi ɗinki tana nan rataye a shago babu hannu, amma kyamara an yi mata riga ta uku.

Ta kasance mai haƙuri, mai kamun kai, ba ta yi wa kowa kwalliyar ƙarya. Yadda ka zo gabanta haka za ta mayar da kai. Kalmominta a duniya biyu ne kacal. Idan an danna ta sai ta ce ƙyas, idan an ja hannun naɗe fim sai ta ce ƙirrr. Kawu ya sha rantsuwa cewa ko idonsa a rufe yake, daga jin ƙyas ɗin nan ya san hoto ya zauna.

Duk ƙarshen mako abokansa masu sha'awar ɗaukar hoto sukan taru a bencin shagonsa, kowa yana kuranta tasa. Mai kantin magani yana da ta zamani mai dogon hanci wadda yake bin tsuntsaye da ita, yana sonta ne don zai ɗauki ɗari ya goge duka ya bar ɗaya. Direban motar makaranta kuwa da waya yake ɗauka, yana cewa kyamarar kirki ita ce wadda ke aljihunka lokacin da abin ya faru. Kawu ba ya ko ɗago kai daga keken ɗinki idan zai ba su amsa. “Ku harbi kuke yi, ni ɗauka nake yi. Wanda ya san fim ɗinsa zai ƙare sai ya kalli fuskar mutum kafin ya danna.”

A kan wannan aƙida ya kafa dokoki biyu. Ba ya kai fim wanki sai ya cika, ko da zai kai watanni a cikinta. Sannan idan za a yi hoton dangi, sai ya juye kwandon zarensa ya zagaya da shi, kowa ya jefa wayarsa ciki, don idanu duka su kalli wuri ɗaya. An yi gunaguni an gaji, an saba.

Game da ciwon ajali, ga yadda abin ya faru. Mahaifiyarsa, Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta son hoto ko kaɗan. Da ta ga ya ɗago kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Hotonta ɗaya ne a duniya, na katin shaida, shi ma ta ɗaure fuska kamar an kama ta da laifi. Sai autanta ya dawo daga nesa da iyalinsa bayan shekaru masu yawa, 'ya'yanta duka suka haɗu a tsakar gida ɗaya. Ranar ce ta kalli Kawu ta ce, “To ɗan nema, ɗauko abin naka. Amma kada ka shanya ni a rana.”

Kawu ya zagaya da kwando. Ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ta riƙe wayarta ta ce, “Yaya, bar ni in ɗauki ko ɗaya ce, saboda tsaro.” Ya miƙa mata kwandon ya ce 'Yar Amana ba ta taɓa neman mataimaki ba. Ta jefa wayar ciki. Ya kafa sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku, ya jera manya da yara, ya ce, “Tsaya haka!” Daidai lokacin wata jika ta kifa wa Inna hular babanta a ka. Inna ta fashe da dariya har wushiryarta ta fito, irin dariyar da 'ya'yanta suka daɗe ba su gani ba. Ya gan ta sarai ta cikin ɗan gilashin leƙawa, ya danna. Marigayiyar ta ce ƙyas, ta ce ƙirrr, da muryarta ta kullum, ba ko gargada.

Fim bai cika ba, don haka ya bar shi ciki bisa doka. Ya ci gaba da ɗaukar kyanwar maƙwabta da titi bayan ruwan sama. Kafin ya cika Inna ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. Bayan an watse daga makoki ya karya dokarsa, ya naɗe fim ɗin ya kai wa mai wankin hoto. Mutumin ya fito daga ɗakin wanki ya ɗaga fim ɗin a bakin taga, ga shi fayau daga farko har ƙarshe, kana hango motocin titi ta cikinsa. Ya karɓi kyamarar ya buɗe bayanta ya danna. Ta ce ƙyas, amma ɗan labulen da ke buɗewa haske ya shiga ko motsi bai yi ba. “Wallahi Malam, fim ɗin nan bai taɓa ganin haske ba. Labulen ya maƙale tuntuni, kayan gyaransa kuma an daina yi.”

Kawu ba ya jin haushin tsufanta, kowa zai tsufa. Abin da ya kasa yafewa shi ne muryar. Da ta cije a ranar, da ta yi shiru, da nan take ya zazzage kwandon ya ce kowa ya ɗauki wayarsa. Sai ta dube shi da idon nan nata ɗaya ta ce masa an gama. Shi da ya tsaya mata a gaban abokai, ya kunyata ƙanwarsa a gaban yara saboda ita, shi ta zaɓa ta ci wa amana, kuma a kan mahaifiyarsa.

Marigayiyar ta rasu ta bar marfin ido, da riguna uku, da sandar mai ƙafa uku wadda ɗaya ke ɗingishi, da fim biyu da ba a ɓare ba a ƙofar firji, da albam cike da fuskokin mutanen da wasu ma bai san sunansu ba. Ta kuma bar mai ita, wanda duk lokacin da auta ya bugo waya ya ce, “Yaya, hoton Inna fa?” sai ya ce ana kan wanki. Ba a kan wanki ake ba. Bakinsa ya kasa faɗa, shi ya sa aka rubuta wannan sanarwa.

Za a yi jana'izarta ranar ƙarshen mako da yamma a shagon ɗinki. Za a naɗe ta cikin rigarta ta fari, a sa ta a aljihun tebur na can ƙasa, a ɗora mata gwangwanin maɓallai. Ba za a yi jawabi ba. Ana roƙon mai kantin magani ya bar mai dogon hanci a gida, direba kuma ya riƙe bakinsa, an riga an san ya yi gaskiya.

Kwandon ya koma aikinsa na zare, ba za a karɓi wayar kowa a bakin ƙofa ba. Sai dai Kawu yana da roƙo ɗaya ga duk wanda ke tsakar gidan a ranar. Idan akwai wanda ya ɓoye wayarsa a hannun riga ko ƙarƙashin mayafi, ya faki idonsa ya ɗauka, don Allah ya zo da ita. Ba za a tambaye shi komai ba. Tunda Kawu yake bai taɓa addu'ar a ce wani ya saɓa masa ba sai yanzu. Ko hoton ya girgiza, ko kan wani ya tare, ko rabin fuskarta ne, yana so.