Rasuwar Mai Barewa, Tarmos ɗin Inna Biba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Inna Biba ta Ibohaman da iyalanta suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar tarmos ɗinsu na ruwan zafi, wanda kowa ya sani da Mai Barewa saboda hoton barewar da ke jikinsa. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara ashirin da 'yan kai, yana kan aikinsa.

Marigayin ya shigo gidan daga kasuwar Keita. Ran da za ta saye shi, Biba ta cire murfi ta kara bakinsa a kunne, kamar yadda masu hankali ke yi, ya amsa mata da "wuuu" mai tsawo. Wannan ita ce shaidar tarmos na ƙwarai, kuma bai taɓa saɓa ta ba. Abin da aka ba shi da zafi, da zafi yake mayarwa. Babu mai jegon da aka yi a unguwar nan da ba ta sha kunun kanwa daga cikinsa ba. Ya je gidan mai shi, ya je gidan marar shi, bai taɓa dawowa da labarin kowa ba.

Ya daɗe yana jinya. Tsatsa ta ci gindinsa, maƙeri ya yi masa faci da gwangwanin tumatir. Toshiyarsa ta saki, aka naɗe ta da ƙyalle. A ƙarshe ana cikin zuba masa kunu sai aka ji "tas!", kwalbar ciki ta fashe. Ba a ɗora wa kowa laifi ba.

Ya bar murfi ɗaya, da kofi mai lanƙwasasshen hannu, da jikoki da dama waɗanda uwayensu suka yi nono albarkacinsa. Ya kuma bar Munira, autar Biba, wadda za ta haihu watan gobe, ita kaɗai ce cikin ɗiyan gidan da ba ta sha daga gare shi ba.

Iyalan suna godiya ga Mahfuzu, babban ɗan Biba, wanda ya kawo sabo daga Madawa, mai ƙyalli, har da maɓallin latsawa. Biba ta kara shi a kunne, ya yi shiru kamar baƙon da ya ƙi amsa sallama. An mayar. Wani mai shago ya aiko da nasa, shi ma da barewa a jiki, amma ƙahonta gajere ne, ga ta tana duban hagu. Biba ta ce barewarta dama take duba, kuma ba a canza mata fuskar aboki da tsufanta. Shi ma an mayar.

Za a binne gilasan a bayan rumbu bayan la'asar, da zurfi, saboda ƙafafun yara. Gangar jikin kuwa ba za a binne ta ba. Tana nan a cikin shigifa, an goge ta, tana jiran kwalba irin tata. In Munira ta sauka ba a samu ba, Biba ta ce da kanta za ta zauna bakin murhu tana ɗumama kunu har a yi arba'in.

Ana karɓar gaisuwa a zaure. Ana roƙon masu zuwa kada su riƙo tarmos. Wanda ya nace ya kawo, to ya sani sai an kara a kunne kafin a ba shi tabarma.