Ƙusoshin Duane da Teburin Marlene

"Ni ba na ɗaukar hoto. Hoto aikin masu mantuwa ne, ni hannuna ido gare shi."

Maganar Duane Kowalke ke nan, maƙwabcina a Wisconsin, mutumin da in ya sauya ƙwan fitila sai unguwa ta sha labari mako guda. Ina son sa, amma wallahi bakinsa ya fi hannunsa aiki.

Bayan ruwa ya ci ɗakinsu na ƙarƙashin ƙasa suka shiga gyaran gida. A lungun ɗakin akwai tsohon injin finbol ɗinsa, wasan nan da ake harba ƙwallon ƙarfe tana yawo a kan allo mai fitilu, ƙwallon ta cinye allon har zanen ya goge. Matarsa Marlene tana son lungun don ɗinki, har ta sauko da sabon teburinta. Suka yi yarjejeniya: in injin ya tashi kafin Ranar Godiya, bikin Amurkawa na watan Nuwamba, lungu na Duane ne. In bai tashi ba, a fitar da shi gareji.

Sabon allo ya iso, sumul, yana ƙyalli. Aikin shi ne a kwance duk tarkacen da ke bayan tsohon, wayoyi da fitilu da ƙarafa, a mayar bayan sabon. Gordy, ƙanin Marlene, ya taɓa yin irin aikin, ya ce a ɗauki hoton komai, kowace ƙusa a sa ta leda da suna, domin tsayinsu ba ɗaya ba ne.

"Mijin Yaya, katakon nan bai kai kaurin yatsa ba fa."

"Kai tafi can, ɗan leda. Ƙusa ai ƙusa ce."

Haka Injiniyan Baki ya juye ƙusoshi ɗari uku cikin gwangwanin kofi guda, har da girgizawa. Ya shimfiɗa bargo a kan teburin Marlene, ya kife sabon allon a kai, ya hau ɗauri da injin murɗa ƙusa. Wadda hannunsa ya fara taɓawa ita yake sawa. In ta yi gardama ya danna da ƙirji, yana cewa katako mai kyau dama haka yake da taurin kai. Wayoyi biyu suka rage ba gurbi, ya ce kamfani ne ya yi ƙari.

Ranar Godiya, bayan an ci talotalo, ya tara mu mu goma sha ɗaya a ƙasa. Sai da ya yi jawabi tukuna. Sannan ya naɗe hannun riga, ya kama allon zai ɗaga ya kai cikin injin. Allo ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi, jijiyar wuya ta fito. Allo ya taso, bargo ya taso, teburin Marlene ma ya biyo su da ƙafafunsa huɗu.

Gordy ya zauna a kan matakala yana share hawaye.

"Mijin Yaya, teburin ma cikin injin zai shiga?"

Duane ya ce ai da gangan ya yi, don kada allon ya motsa. Da aka raba shi da teburin aka juyo allon, sai ga tsinin ƙusa goma sha tara sun tsiro ta fuskarsa, ɗaya a tsakiyar goshin sarauniyar da aka zana. Nan kam na ji tausayinsa, don na ga idonsa ya kawo ruwa.

Injin yana gareji yanzu. Allon kuwa Marlene ta ce tunda a jikin teburinta aka same shi, nata ne. Ta rataye shi a bangon lungun, kowane tsini ta soka masa kwarkwaron zare.

Jiya na shiga na tarar Duane yana gaya wa mai gyaran famfo cewa shi ya ƙirƙiro maratayin, babu irinsa a duk jihar. Sai muryar Marlene ta taso daga ƙasa.

"Injiniya, na sayo koren zare da ja. Sauko da gwangwaninka ka yi mini kuskure biyu."