Karen Indiya Da Ba Ya Cin Nama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kare ya cinye mini mutunci ba, ya haɗa da cinyar rago. A Makka aka yi abin, a unguwarmu ta Tandabawi, 'yan shekaru bayan Najeriya ta samu mulkin kai. Ni mai tsire ne. Karatuna bai wuce izu biyu ba (shi ma da bulala aka tura shi), amma a harkar nama ban yarda akwai wanda ya fi ni ba.

Damuwata a lokacin kyanwoyi ne. Duk wanda ya zauna a Makka ya san su, ba su da kunya, kuma in ka ɗaga sanda sai wani ya ce maka haram, garin Allah ne. Ka ajiye nama ka juya ɗauko gishiri, ka dawo ka tarar sun fitar da zakkarsu.

Ina da maƙwabci, tela ne Ba'indiye, sunansa Abdulgafur. Ƙanensa yana aiki a jirgin ruwan da ke kawo alhazai Jidda, shi ya zo masa da kare daga ƙasarsu. Matar telan kuwa ta ce ko ita ko karen. Sai ya kira ni, muka yi magana da guntun Larabcinsa da guntun nawa.

"Ya Hajji, wannan ba irin karnukan bola ba ne. A ƙauyenmu gurasa da madara ake ba su tun suna kwikwiyo. Zafin rana ba ya damunsa, ba ya ciwo, kuma ba ya cin nama."

Na dubi karen. Fari ne, dogo, siriri, hancinsa ja-ja, yana kallona kamar wani alƙali. Na ce ni ba yaro ba ne, sai na gwada. Na koma na ɗauko tsire ɗaya mai zafi, ya sha ƙuli ya sha yaji, na kai masa bakin hanci. Ya shinshina, ya yi atishawa, ya ja da baya ya kau da kai. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mai tsire ya samu mai gadin da ba ya cin nama, me kuma ya rage masa a duniya?

Uwar 'ya'yana, Tabawa, tana ganin mu ni da karen a bakin ƙofa ta ajiye muciya.

"Malam, kare? A Makka? Mutane suna sayar da gonakinsu su zo nan neman albarka, kai kana korar mala'iku daga gida."

"Na tambayi malamai, kare na gadi ya halatta. Kuma wannan ya fi wasu 'yan'uwanki kamun kai."

(Ban tambayi kowa ba. Maganar 'yan'uwanta dai gaskiya ce.)

Yara suka sa masa suna Bombai, suka riƙa jiƙa masa gurasa a madara. Kyanwoyi kuwa suka ɓace kamar an yi musu sammaci. Ni ma na samu abin alfahari. Kullum a bakin tukubata sai na tara mutane, na miƙa wa Bombai tsire, ya yi atishawa ya kau da kai, ni kuma in ce su duba tarbiyya.

Akwai Alhaji Mudi, wakilin mudawwifi, wato mai masaukin da ke kula da alhazan Kano. Shi ke raba wuraren sayar da abinci a bakin tantuna a Mina, kuma wanda ya samu wurin nan ya huta da wahalar shekara. Na daɗe ina bin sa yana yi mini gobe-gobe. A shekarar nan ya aiko mini da raguna biyu, ya ce zai yi wa manyan baƙinsa walima da la'asar, in tsirena ya yi musu, wurin Mina nawa ne.

Da safe na yanka, na feɗe, na yanyanka naman na zuba a faranti a inuwar tsakar gida, ban kai ga sa masa komai ba. Sai na ga ƙulin ba zai isa ba. Tabawa tana shirin zuwa maƙwabta dafa shinkafar walimar, ta ce, "Malam, ka shigar da naman nan ɗaki."

"Ɗaki zafi, zai lalace. Ga mai gadi nan."

"To," ta ce. Irin "to" ɗin nan da ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani.

A hanyar dawowa daga kasuwa na haɗu da Alhaji Mudi da baƙinsa, manyan riguna, har da wani dattijo mai farin gemu. Da na gaishe su na wuce, da shi ke nan. Amma bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, ku zo ku ga naman, ku kuma ga abin da ko a Kano babu."

Duk hanya ina ba su labarin Bombai. Na tura ƙofa da kaina, na matsa gefe don manya su fara shiga.

Bombai yana kwance a cikin farantin. A ciki, ba a gefe ba. Cikinsa ya kumbura kamar salka, ƙashin cinya a bakinsa. Abin da ya kasa ci ya ja shi cikin ƙasa, kyanwoyin unguwa kuwa sun dawo kaf suna ta rabo, shi ko ɗaga kai ya kasa. Da ya gan ni sai ya kaɗa jela.

Dattijon nan ya gyara tsayuwa ya ce, "Wannan ne ba ya cin naman?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"To Allah ya so ka. Da yana ci fa?"

Maimakon in yi shiru, sai na ruga na ɗauko ragowar tsiren jiya na kai masa hanci, wai in nuna musu ba ƙarya nake ba. Ya yi atishawa ya kau da kai. Na juyo ina cewa kun gani, kun gani. Tabawa, da ta dawo tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Malam, yaji ne ba ya ci."

Shekara da shekaru ina barbaɗa yaji da hannuna, bai taɓa zuwa mini a rai ba. Alhaji Mudi ya kaɗa rigarsa ya ce "halas," wato magana ta ƙare, suka fita. Baƙinsa shinkafa gaya suka ci.

Na je na sami Abdulgafur a kan kekensa na ce ya yaudare ni. Ko ɗagowa bai yi ba. "Ya Hajji, ban yi ƙarya ba. A ƙauyenmu bai taɓa ci ba. Wa zai ba shi?"

Wurin Mina wani Bazazzagi aka ba, wanda tsirensa sai ka yi da gaske kafin ka tauna. Ni a shekarar dako na yi, ina wuce tukubarsa da akwatunan mutane a ka. Na so in kori Bombai, yara suka yi ta kuka, Tabawa ma da ta ƙi shi ta ce a bar shi, wai shi kaɗai ya taɓa rufe mini baki. Ya tsufa a gidana, ni nake ciyar da shi.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in aka ce mini wane mai amana ne, ba na musu, sai dai in tambaya ko an taɓa barinsa da naman da ba a sa wa yaji ba.