Bindigar da Aka Mayar Harara-Garke

Akwai wani a Talata Mafara, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Ya lalata bindigar mutane da hannunsa, ya kunyata tsohon soja a gaban jama'a, ya yi sanadin da rago ya tunkuyi maigidansa, kuma har yau yana nan kan aikinsa yana cin tuwon shinkafa da man shanu. Ni abin da ke ƙona min rai ke nan. Mu da muka iya abu muna yawo a rana, shi yana inuwa. Ku matso ku ji.

Shi mutumin nan, shi ne ke gadin shanyar shinkafa a wurin Alhaji Maiwada. Shinkafar Bakolori ce, a turara ta, a baza a kan siminti ta sha rana. Aikinsa ɗaya ne tak: kada tsuntsu ya sauka. Duk karyayyar shinkafar da ya share da tsintsiya da yamma kuma tasa ce, da ita matarsa Taiba ke tuƙa tuwo. Shekara uku gidan nan bai ga tuwon dawa ba, har yaransu sun manta launinsa.

To, sai kurciyoyi da tantabarun unguwa suka raina shi. Ya yi ihu, su dube shi. Ya jefa takalmi, su matsa taku biyu su ci gaba da ci. Rannan Alhaji ya dawo daga tafiya, ya miƙo masa wata 'yar bindigar hannu, irin ta iskar nan da ake ɗura wa ƙwayar darma kamar ƙwayar dawa.

"Ungo," in ji Alhaji. "Ban son in koma ganin ko gashin tsuntsu wurin ga."

"Ranka shi daɗe, an gama. Tsuntsayen garin ga su yi bankwana da iyalinsu."

Bai taɓa riƙe bindiga ba tun da uwarsa ta haife shi. Amma ya soke ta a ƙugu, ya canja tafiya.

Harbin farko, kurciya yake nufi, ga ta nan gabansa tana cika ciki. Tau! Butar mai injin casa, can hagu, ta fara fitsari. Harbi na biyu, randar ruwan leburori. Na uku, fitilar babur ɗin wani ɗan kabu-kabu da ya tsaya tambayar hanya. Duk hagu, duk ƙasa-ƙasa, kamar an auna da igiya.

Kafin kwana uku kowa ya gane karatun. Da ya ɗaga hannu, leburori su kwashi buhu su koma damansa. Mai shayi ya ɗauke teburinsa ya mayar dama. Akuyoyi ma sun gane. Tsuntsaye kuwa sun fi kowa ilimi: wadda ya nuna da bindiga ko kai ba ta ɗagawa, ta hagunta ce ke tashi.

Alhaji ya zo ya tarar da tantabaru sun yi taro a kan shinkafarsa kamar gidan suna. Ya dubi randa, ya dubi buta, ya dubi gogan naku.

"Kai, saurara. Ran Talata bayan la'asar zan aza gwangwanin madara bisa turmi. Taku goma, harbi ukku. In ka same shi, aikinka na nan. In ka kuskure, ka aje bindiga, ka aje tsintsiya. Kofur Sanusi na Bakura ya ce yana son aikin ga. Tsohon soja na, ba mai harbin randa ba."

Mutumin naku ya koma gida ya faɗa wa Taiba. Ta ajiye muciya.

"In tuwon dawa yad dawo gidan ga," in ji ta, "kai kaɗai za ka ci abinka, kuma kai za ka yi ma ɗiyanka bayani."

Ku ji wayo irin na bawan Allah. Duk ƙasar nan bai ga wanda zai koya masa harbi ba sai shi Kofur ɗin da ke neman aikinsa. Washegari ya hau mota sai Bakura. Ya tarar da tsohon a gindin dogon yaro yana jin rediyo. Suka gaisa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya gona, yaya jikin tsufa, har inuwa ta matsa suka bi ta. Sannan ya fito da bindiga.

"Baba Kofur, wagga ba ta da lafiya. Hagu taka ja."

Kofur mutumin kirki ne, wannan ko ni mai baƙar zuciya na shaida. Ya karɓa, ya juya ta, ya sa aka aza gwangwani a kan kututture. Tau! Gwangwani ya yi tsalle. Aka mayar. Tau! Aka mayar. Tau!

"Lafiyarta lau," in ji shi. "Zo nan in gwada maka. Ka ga wanga ɗan ƙarfe na baya mai tsaga? Ka ga wanga tsini na bisa hanci? Su aka ce ma saiti. Ka sa tsinin tsakiyar tsagar, kawunansu daidai, sannan ka aza shi ga abin da kaka nufi. Riƙe da hannu biyu. Rufe ido guda. Ja numfashi, saki rabi, riƙe rabi. Kunama kuma, wadda kaka ja da yatsa, matsa ta aka yi sannu-sannu, awa mai taɓa tumatir kasuwa shi ji ko ya nuna."

"Wanga ai mai sauƙi na, Baba."

Ya tsaya. Ya ja numfashi. Ya manta da maganar rabi, ya riƙe duka. Jijiyoyin wuya suka tashi, fuska ta kumbura. Da ya ji zai faɗi, sai ya runtse ido, ya fizge kunama. Tau! Rediyon Kofur, da ke kan tabarma can hagu, ya yi shiru a tsakiyar labaran duniya.

Kofur ya dubi rediyon, ya juyo gare shi.

"Wa yac ce ka rufe ido biyu?"

"Guda nir rufe, Baba. Gudan shi yab bi ɗan'uwanai. Tare anka haife su."

"Kunamar fa? Tumatir nic ce maka. Kai kuma ka fizge ta awa mai tada injin ban ruwa! Shi as sa hancin bindiga ka zubewa hagu."

Gogan naku ya yi kamar bai ji ba. Ya nuna wani ɗan noti a gefen ƙarfen baya. "Wanga fa, na mi na?"

"Na gyaran saiti na. In bindiga na kai hagu ga hannun wanda ya iya, sai a murza shi, tsagar ta matsa dama. Amma wagga kak ka taɓa ta. Bindiga ba ta kuskure, ɗana, hannu ka kuskure. Hannunka za a murza."

A mota yana dawowa yana magana shi kaɗai, har na kusa da shi ya matsa. "Ka ji tsoho! Mutum na neman aikina, ai dole shi ce hannuna yal lalace. Hannun da nika cin tuwo da shi shekara talatin bai taɓa kuskure baki ba?"

Yana isa gida ya ɗauki wuƙar yankan kuɓewar Taiba, ya sa bakinta a kan notin. Ya murza. Ya gwada a bayan ɗaki. Hagu. Ya ƙara. Hagu, amma da ɗan sauƙi. Ya murza, ya murza, har noti ya ƙare ya ce nan na tsaya. Ya ɗana, ya runtse ido, ya fizga. Ƙwal! Murfin tukunyar miya.

Taiba ta leƙo da ludayi a hannu. "Malam, ko ka fita da abin ga, ko in gwada maka yadda aka saiti. Ni ban kuskure."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya fita.

Ranar Litinin sai ga shi a Maradun, a maƙerar wani da ake ce wa Nagode. Ya ajiye bindiga a kan uwar maƙera.

Nagode ya ce, "Malam, ni fartanya da lauje nika yi."

"Ai ba ƙira za ka yi ba. Na baya ya ƙare, saura na gaba. Wanga tsini nika son ka ɗan taɓa da guduma."

"Ina za shi?"

"Ka dai taɓa mu gani."

Nagode ya ɗan ƙwanƙwasa. Aka aza gwangwani a kan dutse. Tau! Bango, hagu. Aka ƙwanƙwasa ta ɗaya gefen. Tau! Hagu dai, amma ya matso. Gogan naku ya yi tsalle. "Nan na! Ƙara!" Aka ƙara. Tau! Tulun da ake tsoma ƙarfe. "Ƙara!" Aka ƙara. Ya runtse, ya fizga. Tau! Sai aka ji fiiiii. Zugazugin Nagode ne, na fatar akuya, wanda ya gada wurin kakansa, yana sakin numfashinsa na ƙarshe.

Nagode bai yi zagi ba. Ya fizge bindigar, ya kwantar da ita, ya ɗaga guduma har sama da kai, ya sauke a kan tsinin da duk haushin da ke cikinsa. Tsini ya kwanta hagu kamar karan dawa bayan guguwa.

"Ga ta nan! Ɗauki tsiyarka ka ba ni wuri!"

Mutumin naku ya ɗauka, ya leƙa. Tsaga ta gudu dama, tsini ya kwanta hagu, bindiga ta zama harara-garke, ba ka sanin wa take kallo. Ya ce bari dai ya gwada na sallama. Ya nufi gwangwani, ya riƙe numfashi, ya runtse ido biyu, ya fizge. Ƙwal!

Ya buɗe ido. Babu gwangwani a kan dutse.

"Ina yat tahi?"

Nagode ya saki baki. "Kai kas same shi."

Suka mayar. Ƙwal! Suka mayar. Ƙwal! Karkatar bindiga da karkatar hannu sun haɗu a tsakiya sun yi musabaha. Gogan naku ya rungume maƙeri, ya ce Allah ya ƙara basira, ya bar shi tsaye yana riƙe da gawar zugazugi.

Ranar Talata, ana sallame la'asar, rabin kasuwa ta biyo Alhaji zuwa wurin shanya. Aka kafa turmi, aka aza gwangwani, aka auna taku goma. Jama'a kuwa sun san darasi, kowa ya tattara ya koma dama. Hagu fayau, ko kaza babu. Alhaji ya sa aka kai kujerarsa can ƙarshen dama. Har ƙaton ragonsa da yake kiwo, fari sol, mai ƙaho kamar sitiyarin tirela, tun safe ya sa aka kwance shi daga turkensa na hagu aka ɗaure a dama, kusa da kujera, don kada tsautsayi ya same shi. Kofur Sanusi ya zo cikin tsohuwar rigarsa ta aiki, an goge ta har tana iya tsayuwa ita kaɗai.

"Bismilla," in ji Alhaji.

Gogan naku ya tsaya. Wuya ya kumbura. Ido ya rufe ruf. Ya fizge.

Ƙwal!

Mai shayi ya leƙa hagu ya ga ko wani abu ya fashe. Babu. Aka mayar da gwangwani. Ƙwal! Aka mayar. Ƙwal! Sai ihu. Leburori suka ɗaga shi sama, ɗan kabu-kabun da ya rasa fitila ma ya tafa.

Kofur ya kasa haƙuri. "Alhaji, wallahi idonai rufe suke! Duka biyu! Wanga ba harbi ba na, sa'a ta!"

Alhaji ya shafa gemu. "To, don kada a ce an yi son kai, a ba Kofur shi ma shi gwada. In ya yi ukku, sai a koma daga taku ashirin."

Aka miƙa wa Kofur bindiga. Ya leƙa, ya ja da baya, ya sake leƙawa.

"Innalillahi! Wa yat taka ta da mota?"

"A'a, Baba Kofur," in ji mutumin naku, da ƙarfi don na baya su ji. "Ba kai kac ce min bindiga ba ta kuskure, hannu ka kuskure ba? Ko yau maganar ta canza?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Soja ya ji tsoro!" To, kun san tsohon soja. Ka ce masa komai, ban da wannan. Ya gyara tsayuwa. Hannu biyu. Ya lallaɓa ya sa karkataccen tsini a tsakiyar gudajjiyar tsaga. Ya rufe ido ɗaya, ɗaya tak. Ya ja numfashi, ya saki rabi. Ya matsa kunama sannu a hankali, ko tumatir ba zai ji zafi ba. Wallahi ban taɓa ganin harbi mai kyan wannan ba.

Tau!

Gwangwani ko motsi. Can dama kuwa rago ya ce "Baaa!" da wata murya da ba tasa ba. Ƙwayar darma ta sauka a cinyarsa ta baya. Ya yi sama, igiya ta tsinke. Ya juyo yana neman wanda ya yi masa wannan aiki, bai ga kowa kusa ba sai Alhaji. Ya ja da baya taku uku. Shi dai bai kuskure ba.

Kujera ta yi gabas, hula ta yi yamma, Alhaji ya yi iyo a cikin shinkafa. Jama'a suka watse, wannan karon kowa hagu ya nufa. Daga ƙasa, baki cike da shinkafa shanshera, Alhaji yake ihu: "Ku amshe bindigar ga hannun sojan ga! Ku mai da ma mai ita! Kai, aikinka na nan, har tsintsiyar!"

Gogan naku ya tako a hankali, ya zare bindigar daga hannun Kofur, ya hure hancinta, ya soke a ƙugu. Ya dafa kafaɗar tsohon cikin tausayi.

"Baba Kofur, kak ka damu, kowa da haka yaf fara. Ni tun ɗazu nig ga kuskurenka. Jama'a, in ƙarya nika yi wani shi musa: ba ido buɗe yay yi harbin ga ba?"