Kawu Injiniya da Motar Umma Mai Fizga

"Ni mota ba ta yi min ƙarya," in ji Kawu. "In na kara kunne a jikinta, har ciwon da za ta yi baɗi sai in gaya miki. Kanikawan garin nan duk yarana ne, ba su dai sani ba."

Ƙawata, wannan ya tsaya tsakaninmu, don in ya ji na shiga uku. Kawu ƙanin Ummanmu ne, autan Kaka. Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Abin da na san ya taɓa gyarawa fankar falo ce. Tun daga ranar, silin take yi wa fifita.

Motar Umma irin mai sauya giya da kanta ce. Sai ta tsiro da wani hali. In za ta sauya sai ta yi jim, ta fizge ka gaba, ta maido ka baya, kamar mai shaƙuwa. Ga shi a ranar za a kai Kaka asibiti a cire mata yanar ido. Likitan ba kullum yake zuwa ba, in aka makara sai wani watan, Kaka kuwa ta gaji da laluben bango. Amma ta rantse ba za ta shiga motar da za ta karya mata wuya kafin a gyara mata ido ba.

Baba ya yi tafiya. Ta waya ya ce, "A duba man giya. In ya yi ƙasa a ƙara kaɗan, shi ke nan."

"Kaɗan?" Kawu ya girgiza kai. "Yaya, mijinki mutumin kirki ne, amma zaman ofis ya gama da shi."

Ya kwantar da kunne a kan bonet, ya lumshe ido. Can ya ce, "Na ji."

"Ai ba a tayar da ita ba," in ji Umma.

"Shi ya sa na ji da kyau. Ƙafarki ce matsalar. Kina taka totur kamar kina kashe kyankyaso."

Ya karɓi makulli don ya nuna mata yadda ake yi. Bai kai ƙarshen layi ba motar ta fizge shi, goshinsa ya gaisa da sitiyari, hularsa ta koma kujerar baya. Ya dawo da ƙullutu a goshi.

"Ba ƙafarki ba ce," ya ce. "Mun cire wannan. Haka bincike yake."

Sai ya ɗauki sifana da robar wankin Umma ya shige ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kaɗai a waje. Notin juye mai biyu ya tarar. Ya zaɓi wanda, in ji shi, ya fi kama da mai laifi. Mai ya ɓulɓulo baƙi ƙirin. Kawu ya jawo robar har bakin ƙofa, ya kira maƙwabta.

"Ku gani! Irin man da baiwar Allah take sha ke nan, ba dole ta yi shaƙuwa ba?"

Daga nan ya kafa mazurari a bakin giya, ya tuntsure galan ɗin sabon jan mai gaba ɗaya. Bai kai rabi ba man ya fara dawowa yana bin jikin inji.

"Kawu, yana zuba," na ce a hankali.

"Ƙoshi ne. Gyatsa take yi."

Muka ɗau hanya. Umma na tuƙi, Injiniya na gefenta ya harɗe hannu, ni da Kaka a baya. Wata jar fitila mai hoton buta ta kama a gaban Umma.

"Wannan fa?"

"Godiya take yi. Tuƙa kawai."

Fizgar ta ƙaru. Kaka kuwa ta jingina kai da kafaɗata, jijjigar ta sa ta barci. Sai inji ya fara ƙara kamar ana kaɗa cokula a tukunyar da ba komai. Ya yi tari, ya yi wari, ya yi shiru. Muna hango ƙofar asibitin a can saman hawa.

Umma ta kira Baba ta buɗe murya, ta gaya masa aikin da Kawu ya yi.

"Man da ka juye, wane launi ne?" in ji Baba.

"Baƙi ƙirin, Yallaɓai! Da ka gani da ka yi kuka."

"Yanzu ma zan yi. Man giya ja ne. Na inji ka zubar, ka bar shi a bushe, ita kuwa giyar ka ɗura mata har wuya."

"To ai su ma masu ƙera motar, me ya sa za su sa noti biyu a..."

Umma ta kashe wayar. Ta dubi agogo, ta dubi hawan, ta dubi ƙaninta. Ta sa giya a firi.

"Injiniya, sauka ka tura."

Muna tsakiyar hawan Kaka ta farka. Ta kasa kunne.

"Kai, Auta ya iya aiki! Ba ƙara, ba fizga, kamar a kan katifa. Ku ne dai ba ku yarda da yaron nan ba."

"Haka ne, Inna," in ji Umma.

"Amma me ke huci a baya kamar tsohon jaki?"

"Sabon injin ne."

"To taka shi sosai, 'yar nan. Rago ne."

A haka muka shiga, ba a kai ga kiran layinmu ba. Masu gadi da 'yan jinya suka zagaye mu. Kawu ya kife a kan but, riga sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya, harshe a waje. Na kamo hannun Kaka ta sauko. Ta tsaya, ta karkata kunne wajen hucin, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kafin mu fito, ki sa Auta ya duba wannan injin. Da jin numfashinsa, ba zai maida mu gida ba."