Abin Wuyan Ɗan Tsalle Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya cike da baƙin ciki, da fushin da har yau bai sauka ba, ni mai gyaran takalma na bakin layi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda labarin zai yi wa daɗi, rasuwar Abin Wuyan karnukan gidana. Ya rasu ranar Talata da hantsi a jikin ƙofar gida, yana da shekara goma sha tara.

Marigayin ɗan asali ne. Daga fata mai kauri na yanko shi, irin wadda nake ɓoyewa don takalman manya, na yi masa ɗinki biyu-biyu, na sa masa zoben tagulla da 'yar ƙararrawa. Ya riƙe wuyan karena Duna shekara goma sha ɗaya, ya riƙe na Guntu shekara bakwai, bai taɓa ba ni kunya ba. Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, da na shafa masa man takalmi sai ya koma kamar ango. Muryarsa kuwa kowa a layinmu ya san ta: cilin, cilin idan ana tafiyar hankali, cilililin idan an hango kyanwa. Shagona a jikin katangar gida yake, ina zaune nakan ji shi in san gida lafiya.

Jinyarsa ta fara ne wata uku da suka wuce, ranar da aka kawo mana Ɗan Tsalle, kwikwiyon da wuyansa bai fi kaurin wuyan hannuna ba. Marigayin ya yi masa yawa, sai na ɗauki basilla na huda sababbin ƙofofi huɗu na ɗaura masa. Kwikwiyon nan bai san tafiya ba, gudu kawai ya sani. Muka fita ya ja igiya, ya tsaya ya yi tari kamar tsohon mashayin taba, ya sake ja. Na ce ƙuruciya ce, zai koya kamar yadda magabatansa suka koya.

A nan maƙiya suka samu ƙofa. 'Yata ta fari, wadda tun da ta zama ma'aikaciyar jinya take ganin kowa a gidan nan majinyaci ne, ta saci jiki ta kai shi wurin likitan dabbobi. Likitan, wanda marigayin ya girme wa takardar shaidar aikinsa, ya ce wai maƙogwaron kwikwiyo bai yi ƙwari ba, wai abin wuya na babban kare ne da ya iya tafiya, a nemo ɗamarar ƙirji, irin wadda ake zurawa ta kafaɗu a ɗaure ta baya. Ta dawo da wata tsiya ta roba mai ruwan lemo, mai kama da rigar mama, da maɓallin da ke cewa ƙyas. Na ce tun kaka da kakanni da wuya ake riƙe kare, ƙirji na dokin amalanke ne, kuma duk karen da aka ɗaure ta nan ja zai ƙara koya. Na rataye ta a ƙusa bayan ƙofa. Mai ɗakina ta ce wai taurin kaina ya fi fatar da nake ɗinkawa, na yi kamar ban ji ba. Sati biyar tana nan rataye.

Ranar Talata ina cikin yanka ƙasan takalmi na ji marigayin ya yi kukan da bai taɓa yi ba, cil-cil-cil-cil ba tsayawa, sai kuma shiru. Na fito da gudu, wuƙar aiki na hannuna. Ɗan Tsalle ya hango kyanwar tela, ya daka tsalle zai haye ƙofa, zoben tagulla ya maƙale a ƙugiyar sakata. Na tarar da shi a rataye, ƙafafun baya suna shurin iska, harshe a waje, ko kukan ya kasa. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, zoben ya ƙi fita. Na ja ƙarfen ɗaurin, ya ƙi kuɓucewa. Na finciki ɗinkin, amma ɗinkina ne, ba ya tsinkewa. Sai na sa wuƙa.

Saboda haka masu tambaya a ɓoye wa ya kashe marigayin su huta, ni ne. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban yafe wa kowa ba. Ban yafe wa mai waldar da ya bar ƙugiyar nan tsirara ba. Ban yafe wa tela da kyanwarsa mara tarbiyya ba. Ban yafe wa mai ɗakina ba, wadda ta ba kwikwiyon ruwa, ta dube ni kawai, ta wuce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Marigayin ya rasu ya bar igiya ɗaya da suka yi zaman shekara tara, da zoben tagulla wanda yanzu haka yake tsare a aljihuna ana bincikensa, da 'yar ƙararrawa da ta zama marainiya. Ya kuma bar Ɗan Tsalle, wanda ko kwana ɗaya bai yi zaman makoki ba. Tun ranar Laraba yake yawo cikin rigarsa mai ruwan lemo, yana ja kamar yadda na faɗa, amma tarin ya ɗauke ɗif. Wannan ɗaukewar ta fi komai ƙona mini rai.

Za a binne marigayin gobe da ƙarfe huɗu na yamma a gindin gwaibar bayan gida, cikin kwalin takalmi lamba arba'in da biyar. Ana karɓar gaisuwa a shago, a tsaye, a taƙaice. Likitan dabbobi ya yi zamansa, mun ɗauke masa. 'Yata tana iya zuwa, da sharaɗin ta bar “ai na faɗa” a bakin ƙofa tare da takalmanta. Ɗan Tsalle zai halarta sanye da ɗamarar, kuma ni zan riƙe igiyar. Duk wanda na kama yana murmushi, ya nemi wani mai gyara masa takalmi.