Rasuwar Mai-Sanyi, Rijiyar Lambun Baffa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da Allah Ya hukunta, iyalan Malam Shu'aibu Mai-lambu, wanda kowa ke kira Baffa, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da masu sarin latas na Sharaɗa da Na'ibawa, rasuwar rijiyarsu Mai-Sanyi, wadda ta yi shekara hamsin da ɗaya a lambunsu da ke bayan katangar kamfanonin Challawa. Ta cika ranar Talata da hantsi. Ƙadangare ne ya fara tabbatar da rasuwar. Baffa ya zo wucewa da fatanya a kafaɗa, ya leƙa kamar yadda yake leƙawa ko ba ɗiba zai yi ba, sai ya hango shi can ƙasa a kan busasshen taɓo, yana gyaɗa kai.

Mahaifin Baffa ne ya haƙa marigayiyar bayan babban fari, lokacin duk wannan yanki gonaki ne, ba katanga, ba hayaƙi, ba tirela. A gaba shida aka tarar da ruwa. Baffa yana saurayi a lokacin, shi ya fara jefa mata guga, kuma har gobe yana cewa bai taɓa jin murya mai daɗin wannan ba: tsundum.

Duk wanda ya zauna da ita ya shaida halinta. Ba ta taɓa neman man dizal ba, ba ta taɓa cewa an ɗauke wuta ba, ba ta taɓa shiga yajin aiki ba. Ba ta tambayar mutum daga ina yake. 'Yan garuwa 'yan Maraɗi sun cika jarkokinsu a bakinta, leburorin kamfani sun wanke fuska da ruwanta bayan an tashi daga aiki, direbobin manyan motoci sun yi alwala a gefenta sun tafi ba ko godiya. A tsakiyar zafin bazara ruwanta na sa haƙori tsami, daga nan ta samo sunanta. Latas da alayyafo da albasar da ta shayar sun aurar da 'ya'ya bakwai, sun kai mutum biyu Makka, sun kai jika ɗaya jami'a.

Ciwon ajalinta ya fara ne shekara tara da suka wuce, a hankali, ba tare da ta yi ƙorafi ba. Wata safiya igiya ta ƙare guga bai taɓa ruwa ba. Baffa bai ɗauki abin da zafi ba. Ya samo guntuwar igiya mai tsawon gaba ɗaya, ya ƙulla, ya ci gaba da ban ruwa. Da aka jima ya sake ƙullawa. Tun daga nan bai canja igiyar ba, ƙari kawai yake yi da abin da hannunsa ya samu: igiyar rama, shuɗiyar igiyar roba, tsohon bel ɗin inji da aka yar a bayan kamfani, har da igiyar shanyar Gwaggo, matarsa, wadda har yau ba ta yafe ba. Muryar marigayiyar ma ta riƙa sauyawa. Daga tsundum ta koma tsulum, daga tsulum ta koma facal. A makon ƙarshe guga kan sauka ya daɗe yana tafiya, sannan a ji ƙwas.

Ba a yi sakaci da neman magani ba. Sau huɗu Idi mai yasar rijiya yana shiga cikinta da diga da bokiti. A na huɗun ya fito jiƙe da gumi, ya zauna a bakinta yana haki, ya ce, “Baffa, na kai dutse. In na ƙara gaba ɗaya, wallahi sai dai ku je wata ƙasar ku karɓo ni.” Baffa ya ce fushi kawai ta yi, damina za ta lallashe ta. Damina ta zo ta wuce, ba ta huce ba.

Manyan likitoci ma sun duba ta. Wani kwamiti mai tsara ruwan shekara ashirin masu zuwa ya iso lambun a cikin farar mota. Suka zura awo, suka rubuta, suka shaida wa Baffa cewa nan gaba wannan yanki zai buƙaci ninkin ruwan da yake sha yanzu. Baffa ya yi musu godiya da wannan albishir. Suka ɗauki hoto a gefen marar lafiyar, sannan ƙishirwa ta kama su, aka aika aka sayo musu ruwan leda na kamfanin da ke bayan katanga. Jikar Baffa, Aina'u, wadda ta karanta ilimin ƙasa kuma aka ɗora wa rubuta wannan sanarwa, ta riga ta ƙirga ƙullin da ke jikin igiyar, goma sha ɗaya. Ta kuma ƙirga rijiyoyin burtsatse da kamfanoni suka haƙa a kewayen cikin waɗannan shekaru, goma sha ɗaya. Ta so ta faɗa wa kwamitin, amma kafin ta gama ɗaga hannu an fara addu'ar rufe taro.

Marigayiyar ta rasu ta bar Baffa, mai shekara saba'in da huɗu, da gugan roba ɗaya, da bishiyar mangwaro, da fangali arba'in na latas da ya rage mako biyu a cire. Ta bar ƙannenta goma sha ɗaya da aka ambata, dukkansu a cikin katanga, kowacce ta fi ta zurfi sau goma, kowacce lafiya lau. Ba su samu zuwa dubiya ba saboda yawan aiki, dare da rana suke ja. Ɗaya daga cikinsu ma, Sule ɗan Baffa ne yake kunna ta kowace safiya, domin shi ne mai kula da famfunan kamfanin jimar fata. Ta bar kan famfo ɗaya da kamfanin ya fito da shi ta jikin katanga don taimakon al'umma, wanda ke zuba ranar Juma'a daga fitowar rana zuwa lokacin da layi ya fara tsawo.

Ta kuma bar maƙwabciyarta, lambatu, wadda ke kwashe ruwan kamfanoni ta bi da shi ta gefen lambu. Ita wannan ba ta taɓa ciwon kai ba. Ranar Litinin ja take zuwa, Laraba shuɗiya, wani lokaci da kumfa a kanta kamar an yi wanki. Duk masu lambun da ke layin sun daɗe da komawa gare ta, latas ɗinsu kuwa ya kai faɗin faifai. Baffa kaɗai ya ƙi. Shekara tara yana maimaita magana ɗaya: “Ruwan da ba zan yi alwala da shi ba, ba zan ba latas ba. Mutane ne za su ci.” Ranar rasuwar, Sule ya durƙusa a gabansa, kansa a ƙasa, ya ce, “Baffa, ku yi haƙuri, ai latas ba ya salla. In ya yi kwana uku ba ruwa, ya tafi.” Washegari ya aro injin ban ruwa da tiyo don jawo ruwan lambatu, ya ajiye su a gindin mangwaro, bai tayar ba. Ya ce sai Baffa ya ce to.

Za a binne marigayiyar gobe Asabar da ƙarfe goma na safe, a inda ta rayu, saboda yara da awaki. Kamfanin da ke bayan katanga, cikin jimami, ya ba da gudummawar tifa ɗaya ta ɓaraguzai. Za a karɓi gaisuwa a gindin mangwaro har zuwa azahar. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kowa ya taho da ruwan shansa da na alwala. Masu shebur su zo da shi.

Iyalai sun so Baffa ya zuba shebur na farko, tunda shi ya jefa gugan farko. Don haka aka taru jiya bayan la'asar a shaida masa, a kuma ji abin da ya yanke game da injin. Latas ya riga ya kwanta, gefen ganyen ya fara ƙonewa. Baffa ya saurari kowa har ƙarshe. Ya daɗe yana kallon fangalin, sannan ya kalli tiyon da aka miƙar har bakin lambatu, wadda ranar ta zo da ruwan kore. Ya miƙe ya je bakin Mai-Sanyi, ya kwance igiyar daga jikin guga, ya naɗe ta a hannu ƙulli bayan ƙulli, ya rataya a kafaɗa. Ya ciro makullin ƙofar lambu daga aljihu, ya ɗora a kan injin, kusa da gwiwar Sule. Sannan ya sa takalminsa, ya fita ta ƙaramar hanyar baya.